Baƙon da muke jira da baƙon da ke zaure

A littafinmu da ya gabata wani ɗan uwa ya rubuta maƙala kan tafkin Madarunfa. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, in gwamnati ta gina otal a bakin ruwan, ta gyara hanya, ta kira turawa ƴan yawon buɗe ido, to talaucin Madarunfa da Gabi da Safo da Ɗan Isa ya zama labari. Na karanta ta sau biyu, har na kai wa kawuna da ke su a tafkin na karanta mishi. Ya saurara har ƙarshe, sa'annan ya ce: "To ɗana, in sun gina, ni ta ina zan bi da jirgina?" Tambayar nan ce ta sa na ɗauki biro.

Bari in fara da yabo. Hausar maƙalar mai daɗi ce, kuma marubucin ya yi bincike. Gaskiya ne a 2006 Nijar ta miƙa wa UNESCO sunan tafkin da gandun dajinsa da kaburburan waliyyai 99, kuma a 2019 an sa shi cikin fadamun duniya da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Sai dai ya rubuta kamar UNESCO ta riga ta amince, alhali sunanmu yana layin jira ne. Tsohon garin Agadez ne ya samu shiga, a 2013.

Kuskure na farko, a wurinsa baƙo shi ne bature mai jaka a baya. Amma wa ke zuwa tafkin a gaskiya? Masu ziyarar waliyyai, samarin Maraɗi da ke cika kabu-kabu ran Sallah, ƴan lakwal da malamansu, mutanen Jibiya da Katsina. Su ne ke sayen soyayyen kifi wajen mata, su ke biyan masu jirgi, su ke shan ruwan leda. Maƙalar ba ta ambace su ko sau ɗaya ba, don ba su da sefa mai nauyi. Tun da ba mu ɗauke su baƙi ba, ba mu yi musu tanadin komi ba. Washegarin Sallah na ga bakin ruwan da idona: leda kamar an shuka, awaki na ci, iska na tura saura cikin ruwa. Kuma tun 2014 akwai dokar hana irin wannan leda a ƙasar nan. Na ga tsohuwa ta tuɓe takalmi tana addu'a wajen kabari, bayanta saurayi ya saki kiɗa a waya yana ɗaukar hoton da zai sa a Facebook. Duka biyun baƙinmu ne, ba wanda ya faɗa musu inda iyaka take.

Kuskure na biyu ya fi nauyi. Ya kawo misalin Agadez da Kure, amma rabin labarin ya bayar. I, Agadez ta ci kuɗin baƙi, maƙeran azurfa da direbobi da masu nuna hanya sun yi gidaje. Da tawaye ya sake tashi a 2007 baƙin suka ɗauke ƙafa, tseren motocin Dakar ma aka soke shi a 2008, daga nan ya bar Afirka. Direbobi da yawa suka koma kai matafiya Libiya, har dokar 2015 ta mai da wannan ma laifi. A Kure, raƙuman dawa da ba su wuce 50 ba a 1996 sun haura 600, kuma kuɗin masu kallo ya taimaka. Amma ka tambayi manomin da suka cinye wa wake da mangwaro nawa ya gani. Ran 9 ga Agusta 2020 aka kashe mutum 8 a can, Faransawa 6 da ƴan Nijar 2, kasuwar ta mutu rana guda. Mu ƴan Gabi da ke kwana da kunne ɗaya saboda ɓarayin shanu da masu satar mutane, mu da muka ga an rufe iyaka a 2019 da 2023, wallahi bai kamata a sayar mana da arzikin da harsashi ɗaya ke iya tsayarwa ba. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba.

Kuskure na uku shi ya fi yi mini zafi. A maƙalar tafki hoto ne: ruwa, tsuntsaye, faɗuwar rana. Babu mai su, babu mai garka, babu Bafillacen da ke biyo burtali don shayar da shanu. Filin da za a gina otal ɗin na wani ne. In aka ja katanga, ƴaƴan mai filin gadi da shara za su samu, ribar ta hau mota ta tafi Yamai. Sa'annan ruwan ba daga sama kaɗai yake zuwa ba. Gulbin Maraɗi, wanda madatsar Jibiya ke riƙe wa ruwa can sama, da Gulbin Gabi namu su ke ciyar da shi. Duk itacen da aka sare a Baban Rafi aka loda zuwa Maraɗi, ƙasar da yake riƙewa gulbi za ta bi, ta je ta kwanta cikin tafki. Dattawanmu sun san lokacin da giwaye ke shigowa dajin nan daga Najeriya. Mu labari muka tarar. Haka muke so jikokinmu su tarar da tafkin?

Kada a ce ina ƙin baƙi. Cewa nake a fara da wanda ke zaure. A san yawan masu zuwa. A gina makewayi, a ajiye kwandunan shara. A sa ɗan abin shiga wanda talaka zai iya, masunta da mata masu suya da masu kula da kaburbura su riƙe asusun, a liƙa lissafin a ofishin magajin gari kowa ya gani. Mu ɗalibai kuma mu zauna gaban tsofaffi mu rubuta tarihin waliyyan da Hausa, mu zama masu yi wa baƙi jagora lokacin hutu. Wannan bai buƙatar kuɗin wata ƙasa.

Ɗan uwa, alƙalaminka na da kaifi, shi ya sa na tanka maka. Roƙona ka sake rubuta maƙalar, amma kafin nan ka zo mu je wajen kawuna da asuba, kafin ya ja taru. Har yanzu yana jiran amsar tambayarsa.