Harshe ba Jini ba ne: Tsokaci a kan Ra'in Hamawa

A shekarar 1930 Baturen Ingila C. G. Seligman ya wallafa littafinsa mai suna Races of Africa, wanda aka yi ta sake bugawa har zuwa 1966. Wannan takarda za ta yi tsokaci a kan ginshiƙin littafin, wato ra'in Hamawa, da dalilin da ya sa bai kamata ɗalibin Hausa ya ɗauke shi a matsayin tsohon zance ba.

Abin da ra'in ya ƙunsa shi ne, duk wani ci gaba da aka tarar a Afirka, kamar sarauta da ƙira, wasu makiyaya masu hasken fata ne suka shigo da shi daga arewa maso gabas, suka mallaki baƙaƙen manoma. An laƙaba musu sunan Ham, ɗan Annabi Nuhu. Tun a 1863 John Speke ya yi amfani da irin wannan tunani wajen bayyana masarautun yankin manyan tafkuna. A fagen harshe kuwa, Carl Meinhof ya tattara Hausa da Fulatanci da Masai da Nama cikin rukuni guda a 1912.

Babban raunin ra'in shi ne cuɗanya abubuwa uku da ba su da tilas su tafi tare: harshe da kamannin jiki da sana'a. Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike cikin Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, shi ne ya warware wannan ƙulli. A rabe-raben da ya kammala a 1963, ya dogara da kalmomi da nahawu kawai. Sai ga Fulatanci ya koma wajen danginsa Serer da Wolof na Senegal, Hausa kuma ta zauna cikin harsunan Cadi, reshe ɗaya na iyalin Afro-Asiya. Har yanzu ana jayayya a kan wasu sassan aikinsa, musamman gurbin da ya ba Zabarmanci da Sanwai, amma kalmar Hamawa ba ta sake farfaɗowa a ilimin harsuna ba.

Ɓarnar ra'in ba ta tsaya a takarda ba. A Ruwanda, Hutu da Tutsi harshe ɗaya suke magana, amma Turawan Beljiyam suka ɗauki Tutsi a matsayin Hamawa baƙi, suka kuma rubuta ƙabilar kowa a katin shaida a shekarun 1930. Mahmood Mamdani, a littafinsa na 2001, ya nuna yadda wannan rabuwa ta ɗan ƙasa da baƙo ta share fagen kisan kiyashin 1994.

A nan ne maganar ta shafi nazarin Hausa. Sau da yawa kundin ɗalibi yakan buɗe da labarin Bayajida daga Bagadaza, sannan ya kawo kamancin Hausa da Larabci, kamar "ka" da "ki" ko alamar mace ta "ta", a matsayin hujjar cewa Hausawa daga gabas suka zo. Kamancin gaskiya ne, amma dangantakar harsuna yake nunawa, ba ta jini ba. Mafi yawan dangin Hausa na kusa suna nan a Nijeriya da Kamaru da Cadi. Tun a 1970 Abdullahi Smith ya yi bayanin yadda ƙauyuka suka bunƙasa suka zama birane da masarautu a cikin ƙasar Hausa kanta, ba tare da jiran baƙo ba.

Saboda haka, labarin Bayajida ya cancanci a nazarce shi a matsayin adabin baka mai bayyana yadda sarakuna suka kafa halaccin mulkinsu. Ɗalibin da ya mayar da shi shaidar asalin jini, ya shigo da Seligman ta ƙofar baya, ko da bai taɓa buɗe littafinsa ba.