Jinjina ga masu soya dogon wake a Sichuan

Akwai wani wake da manoman kudancin ƙasar Sin ke shukawa, wanda tsawon kwansonsa kan kai rabin mita ko ma fiye. Ɗan gida ɗaya ne da wakenmu na ƙosai da alale, sai dai su kwanson suke ci tun yana shar, ƙwayar ba ta ƙosa ba. Masu girkin lardin Sichuan sun cancanci jinjina kan yadda suke fito da daɗinsa.

Aikin duka na kula ne. Za a wanke waken a tsane shi sarai, domin ɗan ruwa kaɗan ya isa ya ɓata suyar. A yanyanka shi tsawon yatsa, a zuba cikin kaskon ƙarfe mai zurfi da ɗan mai, wuta na ci bal-bal. Gwani ba ya gaggawar juyawa. Yana tsaye, idonsa na kan kasko, har fatar waken ta yamutse, ta yi ɗigo-ɗigon baƙi. Nan ne na fi sara musu, don tsakanin ƙamshi da ƙauri tazarar ba ta da yawa.

Daga nan sai a kwashe, a soya tafarnuwa da citta da busasshen barkono, da ƙwayar yajin Sichuan mai sa harshe ya ɗan sage. Wasu kan ƙara niƙaƙƙen nama da ganyen yacai na garin Yibin, wanda ake adanawa cikin gishiri. A mayar da waken, a juya kaɗan, a kai shi teburi da zafinsa kusa da farar shinkafa.