Sharhi a Kan Kalmomin Zubar Jini Tsakanin Likita da Majinyaci

Maƙasudin wannan ɗan sharhi shi ne a duba yadda ake juya bayanin zubar jini daga Faransanci zuwa Hausa a gidajen likita irin na unguwar Tallaje, cikin gunduma ta 4 ta birnin Yamai. Malamin jinya da Faransanci ya yi karatu, majinyaci kuwa da Hausa ko Zabarmanci ya zo. Tun da dokar ƙasa ta watan Maris 2025 ta ɗauki Hausa harshen ƙasa, ya wajaba manazarta su sa ido a kan wannan fassara. Aibinta babba shi ne bin kalma da kalma, kuma misalai uku sun isa shaida.

Na farko, kwanciyar jini. Bafaranshe yana kiran ta da sunan launin shuɗi, domin haka take fitowa a farar fata. A baƙar fata kuwa sau da yawa duhu ne kurum da kumburi. Idan aka tambayi uwa ko ta ga shuɗi a jikin ɗanta, sai ta ce a'a, alhali jini ya kwanta. Daidai shi ne a ce: "Jini yana kwanta masa ba tare da ya bugu ba?" Amsar wannan ita ke iya nuna cutar da ke hana jini daskarewa.

Na biyu, kalmar tsinkewa. Akan ce asfirin yana tsinka jini. Amma a Hausa kunu yana tsinkewa, wato ya yi ruwa-ruwa, jini kuma yana tsinke wa mace, wato ya ɓalle mata. Majinyaci bai san wadda ake nufi ba. Aikin maganin shi ne rage saurin haɗuwar gudan jini, kuma haka ya kamata a faɗa masa, a gargaɗe shi a kan haɓo da jinin dasashi.

Na uku, awo. An daɗe ana ɗaukar zubar mililita 500 cikin awa 24 bayan haihuwa a matsayin haɗari, kuma a 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko 300 ya isa a tashi tsaye idan jikin maijego ya nuna alamar galabaita. Mililita ba ta cikin lissafin mai jinya, kuma da yawa sun ɗauki jinin biƙi wankin ciki ne. Rabin lita kuwa kowa ya san shi, balle a ce mata: "In zane ya jiƙe sharkaf, ko kin ji jiri, ki yi magana nan take."

Saboda haka muna ba da shawara masana harshe su zauna da ungozomomi da malaman jinya, a tattara kalmomin nan daga bakin majinyata, a gwada su a kansu kafin a buga su cikin littafin koyarwa.