Fim ɗin tsoro ya cika surutu

A shekarar 2018 fim ɗin Hereditary ya raba kan masu kallo a Amurka. Tun da aka fara nuna shi a bikin finafinai na Sundance masu sharhi ke koɗa shi, har wasu na jera shi da The Exorcist na 1973. Amma da kamfanin CinemaScore ya tambayi waɗanda suka biya kuɗinsu suka shiga silima, makin D+ suka ba shi. Duk da haka fim ɗin da aka kashe wa kusan dala miliyan 10 ya tara sama da miliyan 80.

Ni ina bayan fim ɗin, amma ban ga laifin waɗanda suka fito suna tsaki ba. Talla ta yi musu alkawarin aljani, suka je suka tarar da gidan makoki. Ku dubi wurin da Peter, ɗan gidan, ya ɗauko ƙanwarsa Charlie a mota cikin dare, yana gudu zuwa asibiti saboda numfashinta ya sarƙe. Ta leƙo da kai ta taga tana neman iska, ya kauce wa mushen dabba, kanta ya daki turken waya. Darakta Ari Aster, wanda wannan ne dogon fim ɗinsa na farko, ya kafe kyamara a fuskar yaron. Peter bai iya waiwayawa ba. Ya ja motar har gida, ya haye gado ido biyu, har gari ya waye ya jiyo kururuwar uwarsa daga waje. Babu fatalwa ko ɗaya a nan, amma ban san wurin da ya fi shi tayar da tsikar jiki a fim ɗin ba. Cikin gidan ma a ɗakin ɗaukar fim aka gina shi a jihar Utah, ana cire bango don kyamara ta ja baya sosai, ɗakunan su yi kama da 'yan ƙananan gidajen da uwar, Annie, ke ƙerawa. Sai mai kallo ya ji a jikinsa cewa akwai hannun da ke juya iyalin nan.

Inda nake da ja shi ne salon da ya biyo baya. Bayan The Babadook na Jennifer Kent a 2014 da Hereditary sun yi suna, sai kusan kowane dodo ya koma wakilin baƙin ciki ko tabon yarinta. Hatta Halloween na 2018 an ɗora shi a kan firgicin da jarumarsa Laurie Strode ta shekara 40 tana fama da shi. Smile na 2022 kuwa bai ɓoye komai ba: jarumar likitar ƙwaƙwalwa ce, ta ga mutuwar uwarta tana yarinya, kuma fim ɗin da bakinsa ya yi bayanin abin da dodon ke ci. Ya tara fiye da dala miliyan 200, to wa zai hana a ci gaba?

Matsalar ita ce da zarar ka gano abin da dodo ke wakilta, tsoro ya ƙare, saura darasi. Aster ya tsallake wannan rami. Da yawa sun yi ƙorafin yadda fim ɗinsa ya ƙare da ƙungiyar asiri mai bautar aljani Paimon, ni kuwa a ganina nan ne ya tsira, don ya nuna masifar ba a zuciyar Annie kaɗai take ba, da gaske kakar yaran ce ta sayar da zuriyarta.

Kuma kada a ɗauka jiya aka ƙirƙiro wannan salo. Tun 1973 Nicolas Roeg ya bi ma'auratan da 'yarsu ta nutse a ruwa har birnin Venice a fim ɗin Don't Look Now, bai tsaya yi wa kowa fashin baƙi ba. Masu shirya na yanzu su koma su kalle shi, su rage mana bayani.