Minti 90 na rock: abin da ya cancanci shiga kaset

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a shekarar 1963, kuma irin wanda ya fi yawo a hannun matasa shi ne C90, mai ɗaukar minti 45 a kowane gefe. Wannan ƙarancin wuri shi ya mayar da haɗa kaset aikin nazari. Duk waƙar da aka saka ta kori wata, kuma wanda aka ba kyautar zai ji su bi da bi, yadda mai haɗawa ya jera su. Yau katin waya yana ɗaukar waƙoƙi dubbai, amma malamin da yake son ya gabatar wa ɗalibansa kiɗan rock, ko ƙungiyar al'adu mai shirya daren sauraro, sa'a ɗaya da rabi kawai suke da ita. Tambayar ba ta canza ba: me za a saka, me za a bari?

Kalmar indie asalinta ba sunan salon kiɗa ba ce. Tana nufin faifan da ƙananan kamfanoni masu zaman kansu suka buga, irin su Rough Trade da 4AD a Ingila, ko Sub Pop da Matador a Amurka. Daga baya ne sunan ya koma kan amon kansa.

Waƙar buɗe kaset ita ce sallama, kuma ba a yin sallama da ihu. "This Charming Man" ta ƙungiyar The Smiths ta birnin Mancesta, wadda ta fito a 1983, ba ta kai minti 3 ba. Jitar Johnny Marr tana tsalle sili-sili, fes, babu ƙugi. Kunnen da ya saba da highlife na Gana ko jitar Kwango zai ji kamar ya taɓa haɗuwa da ita a wani wuri. Da ita ake rusa zargin da iyaye da yawa suke yi cewa rock hayaniya ce kawai.

Bayanta sai R.E.M., ƴan jihar Jojiya ta Amurka. A nan akwai abin da ya wajaba malami ya yi wa bayani tun kafin a danna rediyo. Sunan waƙarsu ta 1991, "Losing My Religion", idan aka fassara shi kai tsaye zai tayar da hankalin duk gidan da ya shiga, domin za a ɗauka ridda ake wa kirari. Alhali a bakin mutanen kudancin Amurka maganar tana nufin haƙurin mutum ya ƙare, kuma waƙar ta son maso wani ce. Ƙaramin molon da ake kira mandolin shi yake jan ta. Ga malamin harshe, darasi ne sukutum kan yadda karin magana yake yaudarar mai fassara, kuma wannan kaɗai ya isa ya ba ta wuri.

Wurin da ake yawan kuskure shi ne Nirvana. Kowa yana so ya saka "Smells Like Teen Spirit", domin faifan Nevermind na 1991 ne ya ture Michael Jackson daga saman jerin ciniki na Amurka a Janairun 1992. To amma waƙar da kowa ya riga ya ji ba ta buƙatar mai gabatarwa. Kurt Cobain da bakinsa ya amsa cewa dabarar nan ta lafawa a baiti da fashewa a amshi daga wurin Pixies na birnin Boston ya ɗauko ta. Gara a koma tushe, a saka "Gigantic" ko "Where Is My Mind?" daga faifan Surfer Rosa na 1988. A ta farkon muryar Kim Deal ce a gaba, kuma kaset ɗin da babu muryar mace a cikinsa ya tauye tarihin wannan kiɗa. "Teen Age Riot" ta Sonic Youth, ita ma ta 1988, ta kusa minti 7. Ta cancanci kuɗinta, sai dai a ajiye ta ƙarshen gefen farko.

Gefe na biyu ya fi son natsuwa. "No Surprises" ta Radiohead, daga OK Computer na 1997, amonta kamar na lallashin jariri ne, amma maganar cikinta ta mutumin da aiki da zaman birni suka gajiyar ce, har ya daina neman komai. Wannan saɓani tsakanin zaƙin kiɗa da ɗacin magana shi ne ƙarfinta. "Creep" ta 1992 ta fi suna, amma kukan ƙuruciya ne, kuma bai jure maimaici. Ɗaliban da suke karatu da Faransanci za su sami ƙofa a "Haïti" ta Arcade Fire, ƴan Montreal, daga faifan Funeral na 2004, inda Régine Chassagne take gauraya Faransanci da Ingilishi kan ƙasar da iyayenta suka tsere daga cikinta a zamanin mulkin Duvalier.

Akwai wata mai wuyar sha'ani. "Le vent nous portera" ta Noir Désir, ta 2001, da jitar Manu Chao a ciki, tana cikin mafi kyawun abin da rock na Faransa ya haifa. Amma mawaƙin, Bertrand Cantat, ya yi wa Marie Trintignant dukan da ya zama ajalinta a 2003, kotu kuma ta ɗaure shi. Kyan waƙar bai ragu ba, laifin ma bai ragu ba. Wanda zai saka ta a gaban aji mai ƴan mata, ya faɗi labarin duka. In ba zai iya ba, ya bar ta.

Sauran mintocin na gida ne, ba don kara ba. Kiɗan jitar Abzinawa a kaset ya yaɗu, hannu zuwa hannu, tun kafin wani kamfani ya san da shi. Faifan Tassili na Tinariwen, wanda ƴan TV on the Radio da Nels Cline na Wilco suka sa hannu a ciki, ya ci kyautar Grammy a 2012. Bombino na Agadas ya yi Nomad a 2013 tare da Dan Auerbach na The Black Keys. Mdou Moctar kuwa, ɗan jihar Tawa, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, waƙoƙinsa suka bi wayoyin salula har suka kai kunnen kamfanin Sahel Sounds, sannan Matador, gidan Pavement da Yo La Tengo, ya buga Afrique Victime a 2021. Waƙar da ta ba faifan suna ta zarce minti 7. Tana farawa da tafiyar raƙumi, ganga tana ƙara sauri kaɗan-kaɗan, har jitar ta ɓarke da ƙarar da ba ta kasa ta Sonic Youth ba. Ita ce ta rufe gefe na biyu, kuma a auna zaren da kyau, kada kaset ya tsaya tana tsakiyar gudu.