Jinjina ga Jagororin Zumuntar Matasa

Kiristocin Batsari da Safana 'yan kaɗan ne, majami'unsu ma ƙanana ne, amma masu riƙe da zumuntar matasa a cikinsu sun cancanci a ce musu sannu da aiki. Ba albashi suke ɗauka ba. Manomi ne ko tela ko malamar firamare, sai an tashi daga neman abinci a shiga aikin Ubangiji.

Ranar Asabar ake ganin wahalarsu. A share majami'a, a jera bencina, a gasa fatar ganga ta ɗame, sannan a yi ta maimaita waƙa ɗaya har mai muryar gardi ya daidaita da saura. Yaron da makaranta ta kuɓuce masa kuwa, jagora zai zaunar da shi da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, yana bin baƙaƙe da yatsa har karatu ya zauna.

Ga kuma makwabtaka da Dajin Rugu. Tsoron 'yan bindiga ya sa taron dare ya koma na la'asar. Da aka katse layukan waya a yankin a 2021, saƙon taro da ƙafa ya riƙa tafiya, gida-gida. A ganina nan ne nauyin yake: rarrashin saurayin da gona ta gagare shi, ya fara zancen ramuwa ko ƙwaya, da rakiyar matasa zuwa ta'aziyyar makwabta Musulmi idan hari ya ci rai.