Jinjina ga Masu Gwada Bututun Kashe Gobara

Idan hunturu ya kama, wuta ta tashi a kasuwar Sabon Gari ko a wani bene a Samaru, 'yan kwana-kwana ake yabawa, kuma sun cancanta. Sai dai akwai masu aikin famfo da injiniyoyi da ba a cika ambata ba, masu bin bututun ruwan kashe gobara hawa-hawa suna gwada shi tun lafiya lau.

A dogon gini irin benen Sanet na Jami'ar Ahmadu Bello, ruwan bututu ya fi ƙarfi a hawan ƙasa. Shi ya sa ake saka bawul mai rage masa ƙarfi, kada mesa ta ƙwace daga hannu. In ba a saita bawul ɗin daidai ba, ruwa kan zo a raunane. Haka ta faru a Filadelfiya ta Amurka a 1991, inda 'yan kwana-kwana 3 suka rasu a gobarar benen One Meridian Plaza. Ƙa'idar Amurka yanzu ita ce a saki ruwan gaba ɗaya a auna shi duk shekara 5.

Masu wannan aiki a Zariya, sannunku da ƙoƙari. Allah ya saka muku da alheri, ya kare mu daga gobara.